Yaron da ke riƙe da igiya a shinge ba shi ya kafa shingen ba

Duk sanda aka ɗauko hirar kwastan ko 'yan imigireshin a ƙasar nan to ka san zagi ne zai biyo baya, daga direban haya har ɗan kasuwa har tsohuwar da aka taɓa ƙwace wa rabin buhun shinkafa a hanyarta ta dawowa daga biki. Kuma ni ban ce ƙarya suke ba. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Katsina zuwa Jibiya, ko Sakkwato zuwa Illela, ko Gumel zuwa Maigatari ya san yadda abin yake, direba bai gama saka giya ta uku ba zai tarar da wata igiyar ko wani katako mai ƙusoshi a gabansa, wannan na kwastan ne, wancan na imigireshin, na gaba 'yan sanda, na gaba soja, wani ma ba ka san ko na waye ba. Amma fa abin da nake so mu tsaya mu duba shi ne shi wancan yaron da ke tsaye cikin rana da bindiga a kafaɗa, wa ya kai shi wurin, ta yaya ya samu aikin, ina yake kwana, kuma wa yake kai wa abin da ya tara in yamma ta yi. Don a ganina muddin ba a taɓa waɗannan ba, ko shekara ɗari za mu yi muna tsine masa ba abin da zai canza.

Mu fara daga ƙofar shiga. Ranar 15 ga Maris 2014 aka tara masu neman aikin imigireshin a filayen ƙwallo a faɗin ƙasa, kowa an karɓi naira 1,000 a hannunsa kuɗin fom, mutum sama da 670,000 suka biya a kan gurbin da bai kai 5,000 ba. A Abuja da Fatakwal da Minna da Benin aka yi turmutsutsu, fiye da mutum 15 suka rasu, har da mata masu ciki. Abin da mutane da yawa suka manta shi ne shugaban hukumar na lokacin, David Parradang, ya je gaban majalisar dattawa ya ce shi ba a yi shirin da shi ba, daga ma'aikatar cikin gida aka tsara komai aka ba wani kamfani. Ka ji fa, za a ɗauki ma'aikatan da zai shugabanta amma ba a shawarce shi ba. Ministan, Abba Moro, EFCC ta kai shi kotu a 2016, daga baya kotu ta wanke shi, yau ma sanata ne. Su kuma wajen mutum 2,000 da aka ɗauka a 2015 don a wanke wancan abin kunya, suna tsakiyar samun horo gwamnati ta canza aka ce kowa ya tafi gida, suka yi ta zaman dirshan a Abuja suna neman a maida su.

Yanzu an koma yin komai ta intanet, an daina taka juna a filin ƙwallo, wannan ci gaba ne ba musu. Amma yawan bai ragu ba, kwastan ta buɗe gurbi 3,927 a ƙarshen 2024 mutum sama da 570,000 suka nema. Kuma ka je kowace majalisar shayi a Kano ko Gusau ka tambaya yaya ake samun aikin, ba wanda zai ce maka ka dage da karatu, cewa za a yi kana da sanata? Kana da ɗan majalisa? Wa zai ba ka sulot? Ko gaskiya ne ɗari bisa ɗari ko akwai ƙari a ciki, wannan shi ne abin da yaron ya yi imani da shi tun kafin ya shiga makarantar horon imigireshin ta Kano ko ta kwastan da ke Gwauron Dutse. Wato darasin farko da ya koya ba fareti ba ne, darasin shi ne a gidan nan sai da ubangida. Wani kuma an sayar da fili ko an ci bashi aka saya masa takardar, to wannan me kake zaton zai fara tunani ranar da aka ba shi kaki? Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zub da ruwa.

Sai mu zo kan abin da ni nake ganin shi ne uwar matsalar, fostin, wato inda ake tura ma'aikaci aiki. Duk wanda yake da ɗan'uwa a cikin waɗannan hukumomi ya san ba abin da ke hana su barci kamar a ce sigina, wato takardar canjin wurin aiki, za ta fito. A hukumance aiki ɗaya ne, albashi ɗaya ne, mai anini ɗaya a Apapa da mai anini ɗaya a Kamba matakinsu ɗaya. Amma a zahiri kowa ya san akwai wuri mai maiƙo akwai busasshe. A kwastan mai maiƙon shi ne tashoshin ruwa, Apapa, Tin Can, Onne, sai filin jirgin Legas. A imigireshin kuma ofishin fasfo ne da filayen jirgi. Shi kuwa bakin boda iri biyu ne a idon ma'aikaci, ko dai horo ne ko kuma gona. In ka saɓa wa oga, ko ba ka da kowa, sai a cilla ka wani ƙauye a Yobe ko Kebbi inda ba ruwa ba wuta ba sabis, a manta da kai shekara da shekaru. In kuma kana da hanya sai ka nemi a kai ka inda motocin 'yan fito ke wucewa, ka san ka biya kafin ka zo, kuma ka san lokacinka ƙidayayye ne, dole ka girbe abin da ka shuka kafin wata siginar ta fito. Abin da ba na gani shi ne wanda ya ɗauki tsaron iyakar a matsayin aiki, aikin da ake koyo, ake ƙwarewa a kai, ake samun ƙarin girma saboda an iya shi.

To kuma kuɗin da ake karɓa a hannun direba, mu daina yaudarar kanmu cewa duk a aljihun yaron yake kwana. Akwai kason mai shingen, akwai na wanda ya ba mai shingen wurin, abin da suke ce wa ritan, a haka yake hawa bene-bene. Akwai man motar sintiri da sau tari ba a bayarwa ko ba ya isa, akwai taya, akwai gyara, akwai abincin waɗanda ke wurin, akwai yaran gari da ake ɗauka su riƙa ja da sakin igiya suna leƙa but, waɗanda ba sa cikin lissafin albashin kowa amma kullum sai sun koma gida da wani abu. In oga ya tura ka daji da mota ba mai ya ce ka san yadda za ka yi, ai ya gama gaya maka abin da yake nufi ba tare da ya furta ba. Gobe kuma in an ɗauki bidiyonka kana karɓar ɗari biyar shi ne zai fara sa hannu a takardar korarka. Ɗan jarida Fisayo Soyombo ya yi shigar burtu a matsayin ɗan sumoga ya shigo da shinkafa daga Jamhuriyar Benin, rahoton ya fito a farkon 2024, kuma abin da ya nuna shi ne ba ta daji kaɗai kaya ke shigowa ba, ta kan titi suke bi in an gama magana da waɗanda ya kamata. Mai babur da buhu biyu shi ake bi a guje, mai tirela an riga an san da zuwansa.

Ka duba wannan ta fuskar ma'aikaci mai gaskiya, don akwai su, kuma suna da yawa fiye da yadda muke zato. Ya kama mota da hannunsa, ya yi kasadar ransa, kafin ya kai ta ofis waya ta shigo daga sama an ce a saki. Sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Na huɗu me zai sa ya tare? Wanda ya ƙi shiga layin kuma abokan aikinsa ne za su fara tsarguwa da shi, a ce ɗan leƙen asiri ne, ko yana nuna ya fi kowa tsoron Allah, a hankali a kai sunansa sama a ce ba ya ba da haɗin kai, sai ka ji an mayar da shi gadin ofis ko an tura shi inda ko akuya ba ta tsallakawa. Shi wanda suka shiga aiki rana ɗaya kuma ya gina gida a Abuja ya kai iyayensa Makka, in an je ɗaurin aure a garinsu shi ake ba kujerar gaba. Har a gida ma mai gaskiyar ba ya tsira, dangi ne za su ce kai wane irin kwastan ne, shekara goma ko mota ba ka da ita. Wannan ɓangaren namu ne mu jama'a, mu ne muke zagin kwastan da safe, da yamma mu je wurin ɗan'uwanmu kwastan da takardar asibiti da kuɗin makaranta muna sa ran abin da albashinsa ba zai iya ba.

Ga kuma hatsarin. Iyakarmu da Nijar kaɗai ta kai wajen kilomita 1,500, mafi yawanta fili ne fetal, gona ta shiga gona, ƙauye rabinsa nan rabinsa can. Jami'an gwamnati da kansu sun sha faɗa cewa mashigai na hukuma 84 ne a ƙasar amma ɓarauniyar hanya ta haura 1,400. A da abin tsoron ma'aikaci shi ne ɗan sumoga ya banke shi da mota. Yanzu a Jibiya 'yan bindiga ne, a Tangaza da Gudu da Arewa ta Kebbi Lakurawa ne, a Banki da Gamboru kowa ya san abin da Boko Haram ta yi tun 2014. A farkon 2025 Lakurawa sun kai hari wurin aikin imigireshin a yankin Kangiwa ta jihar Kebbi, suka kashe mutane. Mutum biyar ko shida a ƙarƙashin rumfar zana ko tsohon kwantena, bindigogi biyu ko uku, ba rediyon kira, mafi kusan taimako yana da nisan awa guda, wai su ne ƙofar ƙasa. In an kashe mutum a fitar da sanarwa a ce ya rasu a bakin aiki, a kai wa iyali ta'aziyya da ambulan, daga nan matarsa ta shiga zaryar Abuja neman haƙƙinsa. Na baya suna kallo fa. Kuma fansho ma, an cire soja da DSS daga tsarin adashin fansho amma ɗan imigireshin da ke fuskantar bindiga iri ɗaya da sojan yana ciki har gobe.

Wani abin da na ga ba a cika magana a kai ba shi ne rashin bariki. A garuruwan boda da yawa ma'aikaci haya yake kamawa a cikin gari. To wa ke da gidajen haya masu kyau a garin boda? Wa ke da shagon da zai ci bashi in wata ya yi nisa? Sau da yawa mutumin da aka turo shi ya kama ne, ko ƙaninsa, ko surukinsa. Da safe ku yi sallar asuba sahu ɗaya, 'ya'yanku makaranta ɗaya, da daddare a ce ka tare masa mota. In kuma baƙo ne daga kudu ko Hausa ba ya ji, ba shi da aboki ba shi da mai ba shi labari, iyalinsa na can nesa sai ya yi wata uku bai gan su ba, duk wanda ya tunkaro shi gani yake maƙiyi ne, yatsansa na kan kunama. Da yawa daga cikin harbe-harben da ake yi a banza daga nan suke tasowa, tsoro da gajiya da kaɗaici, wasu kuma a haɗa da shaye-shaye.

A kan wannan yanayin ne gwamnati ke zuwa ta ɗora manyan dokoki daga Abuja. A watan Agusta 2019 Buhari ya rufe iyakoki, a watan Nuwamba aka hana kai fetur duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga boda. Wato mutumin Jibiya ko Illela ko Maigatari, ɗan ƙasa mai katin zaɓe, an wayi gari man da zai zuba a injin ban-ruwa ya zama kayan laifi, wanda aka ce ya hana shi kuma shi ne yaron da ke haya a gidansa. Sai a Disamba 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum, Jibiya da Kamba kuwa sai Afrilu 2022. Ba a gama farfaɗowa ba sojoji suka kifar da shugaban Nijar Bazoum a Yuli 2023 aka sake garƙamewa har Maris 2024. Duk rufewar nan shinkafa ba ta daina shigowa ba, kowa ya gan ta a kasuwa, abin da ya canza kawai kuɗin wucewa ne ya ninka, fostin ɗin boda ya ƙara tsada, gaba tsakanin ma'aikata da mutanen gari ta ƙara zafi. A ranar ƙaramar Salla ta 2021 aka harbe mutane a Iseyin ta jihar Oyo a rikicin kwastan da 'yan shinkafa. A watan Agusta na shekarar motar kwastan ta afka cikin jama'a a Jibiya ta kashe mutane da dama, mutanen gari suka ce 'yan shinkafa ake bi, hukuma ta ce hatsari ne. Ko ma wanne ne, rai nawa aka rasa a kan abincin da waɗanda suka hana shigo da shi ma shi ake dafawa a gidajensu?

Kar wani ya ce ina wanke su. Wanda ya harbe bawan Allah a kan buhu, ko ya mari dattijo, ko ya tsare mace a shinge don ta ƙi ba shi lamba, a hukunta shi hukunci mai tsanani, talauci ko rashin bariki ba hujja ba ne. Akwai waɗanda ko aljanna ka kai su da alawus sai sun karɓa. Abin da nake cewa shi ne hukuncin da ke tsayawa a kan mai igiya ɗaya bai taɓa gyara komai ba. A 2021 muƙaddashin shugaban imigireshin Isah Jere Idris ya yi shigar farar hula ya je ofishin fasfo na Ikoyi a Legas kamar mai neman fasfo, aka nemi ya ba da na goro, labari ya cika jaridu, kowa ya tafa. To madalla. Amma tambayar da ba a yi ba ita ce wa ya kai waɗannan mutanen Ikoyi, shekara nawa suka yi a wurin, kuma wa suke kai wa?

Shugabancin ma abin dubawa ne. A 2015 Buhari ya ɗauko Kanar Hameed Ali mai ritaya, tsohon gwamnan soja na Kaduna, ya ɗora shi a kan kwastan. Na fahimci dalilin, an ga gidan ya ruɓe ana son wanda ba shi da aboki a ciki, kuma ba a fi wata biyu ba manyan jami'ai da dama suka tafi. Amma ka sa kanka a matsayin wanda ya yi shekara 30 yana hawa mataki-mataki, ranar da ya hango kujerar sai aka ce duk cikinku ba mai amana. Mutumin kuma ya ƙi sa kakin hukumar, har majalisar dattawa ta kore shi daga zaure a Maris 2017 saboda haka, ya yi kusan shekara takwas bai sa ba. Mutane sun ɗauki abin wasan 'yan siyasa, amma ga ƙaramin ma'aikaci da ake tsarewa a gadurum saboda maɓalli ɗaya ya ɓalle, saƙon da ya karɓa daban ne. Dokar kwastan ta 2023 ta toshe wannan ƙofa, yanzu dole shugaba ya fito daga cikin gida, kuma haka aka samu Bashir Adewale Adeniyi. Sai dai an buɗe wata, ta ƙarin wa'adi. Shi Adeniyi an ƙara masa, ita ma Kemi Nandap ta imigireshin an ƙara mata. Wataƙila sun cancanta, ba shi nake musu ba, amma duk shekara ɗaya da aka ƙara wa na sama akwai jerin mutane a ƙasa da za su yi ritaya ba su taka matakin da suka yi wa hidima ba, kuma kowa ya ƙara koyon cewa makomarsa tana hannun fadar shugaban ƙasa ba tana cikin fayil ɗinsa ba.

Sannan me ake aunawa? Duk ƙarshen shekara abin da kwastan ke shela shi ne kuɗi, naira tiriliyan 3.2 a 2023, tiriliyan 6.1 a 2024. Kuɗin nan kusan duk daga tashoshin ruwa yake fitowa, don haka ido da yabo da kayan aiki can suke tafiya. A imigireshin abin alfahari fasfo ne. Kuma a gaskiya ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya yi abin a yaba, fasfo sama da 200,000 da suka maƙale ya sa aka fitar cikin 'yan makonni a 2023, an kafa ƙofofin zamani a filayen jirgi, kuma a ƙarshen shekarar aka yi wa ma'aikata sama da 32,000 na hukumomin da ke ƙarƙashinsa ƙarin girma, wanda wasu sun yi shekaru suna jira. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya zauna a mataki ɗaya har 'ya'yansa suka girma. Amma wanda ya hana bindiga goma shigowa ta wani ƙauye a Sakkwato, ko ya gane yaran da ake shirin tsallakawa da su Agadas ya ceto su, a wane lissafi aikinsa yake fitowa? Ba ya cikin tiriliyan, ba ya cikin adadin fasfo. Duk abin da oga ba zai iya nunawa a taron manema labarai ba to ba zai kashe masa kuɗi ba.

Ga shi kuma ba su da bakin magana. Doka ta hana su kafa ƙungiyar ƙwadago, ba yajin aiki, wannan kam na yarda da shi, ba za a ce masu bindiga su tafi yajin aiki ba. Amma in ka hana mutum wannan ai sai ka buɗe masa wata ƙofar. A yanzu in ƙaramin ma'aikaci yana da koke dole ya bi ta hannun ogansa, wanda galibi shi ne ake ƙarar. In ya tsallake ya rubuta sama laifi ne, in ya yi magana a Facebook laifi ne babba. Shi ya sa sai dai ka ga wasiƙa ba suna tana yawo a WhatsApp, an ci alawus ɗinmu, an sayar da fostin, an tsallake mu a ƙarin girma, hukuma ta fito ta ce ƙarya ce shi kenan. Mata ma'aikata kuwa abin da wasunsu ke haɗuwa da shi wajen neman canjin wuri don su zauna kusa da mazajensu, wannan sai wadda ta amince da kai za ta faɗa maka.

Masu cewa a ƙara ɗaukar ma'aikata kawai, su leƙa Amurka. Duk kuɗinsu, hukumar tsaron iyakarsu ta daɗe tana fama da rashin masu son zama a ƙauyukan hamada na iyakar Meziko. A 2017 suka ba kamfanin Accenture kwangilar dala miliyan 297 ya samo musu ma'aikata 7,500, bayan wata goma masu bincike na gwamnati suka gano an biya dala miliyan 13.6 mutum biyu kacal aka samu, daga baya aka soke kwangilar. Abin da suka koma yi shi ne ƙarin kuɗi na musamman ga duk wanda ya yarda ya je wuri mai wuya. Su matsalarsu mutane ba sa son aikin, mu tamu mutane na mutuwa a kan samunsa, amma a wuri ɗaya muka haɗu, ba wanda ke son a jefa shi ƙarshen duniya a manta da shi.

Ni da za a tambaye ni, ba sabuwar na'ura zan fara nema ba, ba jirgi mara matuƙi ba. A fara da fostin. A rubuta a ƙa'ida kowa ya sani, ba wanda zai wuce shekara biyu ko uku a boda mai hatsari, ba wanda zai wuce haka a Apapa ko ofishin fasfo, kuma ba wanda zai zama kwanturola bai taɓa kwana a Kamba ko Banki ko Belel ba, ko ɗan waye. Kwamfutar da ta iya tantance mutum rabin miliyan masu neman aiki ai ba za ta gagara juya sunayen ma'aikata ba. Ranar da ɗan minista ya san shi ma zai yi shekara biyu a Kangiwa, wallahi a shekarar za a gina bariki a haƙa rijiyar burtsatse a kai sola. Alawus ɗin boda kuma ya zama na gaske, ya shiga asusun mutum kai tsaye ba ta hannun oga ba, man mota ya zama da kati ba da baki ba. In aka kama shinge yana karɓar kuɗi a fara da mai shingen da wanda ya tura shi, a bar yaron ya zo na uku. Shingayen cikin gari kuwa da ke nesa da iyaka, waɗanda kowane sabon shugaba sai ya ce ya rushe su bayan wata biyu su dawo, a kwashe mutanen a kai su inda ake buƙatarsu.

A 2025 gwamnati ta buɗe ɗaukar mutum 30,000 a imigireshin da sibil difens da gidan gyaran hali da 'yan kwana-kwana, kusan mutum miliyan biyu suka nema. Sanatocinmu da 'yan majalisar da ke wakiltar Jibiya da Illela da Maigatari da Kamba da Ngala, na san kowannensu ya bi sawun nasa kason. Abin da ban ji ko ɗaya ya tashi a zaure ya nema ba shi ne a kawo masa jerin sunayen ma'aikatan da ke boda a mazaɓarsa, da shekarun da kowa ya yi a wurin, da inda suke kwana, da ranar da aka biya su alawus na ƙarshe. Kwamitin harkokin cikin gida da na kwastan duk suna da ikon neman wannan takarda, kuma ba ta buƙatar ko sisi a kasafin kuɗi.